Manyan tankokin yaƙi na Jamus

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Tsibiri ko a Maraɗi ya san dokin lifidi. A yaƙoƙin zamanin da, kibiya ba ta huda lifidi da sauƙi. Amma lifidi nauyi gare shi. Dokin da ya ɗauke shi ba ya gudu mai nisa, nan da nan yake gajiya. Abin da ya sami dokin lifidi, shi ne ya sami manyan tankokin yaƙi na Jamus.

Tanka mota ce ta yaƙi wadda aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri. Bisa sarƙoƙi biyu masu faɗi take tafiya, don haka tana ratsa rairayi da ramu. A kanta akwai igwa mai juyawa kowane ɓangare. Ingilishi ne suka fara shiga yaƙi da ita, a 1916, cikin yaƙin duniya na farko. Jamusawa sun makara: tankarsu mai suna A7V ta fito a 1918, guda 20 kawai suka ƙera. Da aka ci su da yaƙi, yarjejeniyar 1919 ta hana su mallakar tanka.

Hitila ya hau mulki a 1933, ya karya wannan doka. Yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, an kuwa ɗebi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar, aka kai su soja. Sojojin Afirka sun yi karo da tankokin Jamus cikin Faransa a 1940. Waɗannan tankoki ba manya ba ne, amma sauri gare su, kuma tare suke tafiya da jiragen sama. Cikin mako shida Faransa ta faɗi.

A 1941 Jamus ta faɗa wa Rasha. Can ta tarar da tankoki biyu, T-34 da KV-1, waɗanda harsashinta ba ya huda su da sauƙi. Sai aka gaggauta ƙera wata babba a garin Kasel. Ta fito a 1942, aka sa mata suna Tiger, sunan wata irin damisa ta ƙasashen Asiya.

Nauyin Tiger tan 57 ne, wato kamar buhun hatsi 570 masu kilo 100. Kaurin ƙarfen gabanta santimita 10, kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Mutum biyar ke cikinta. Igwarta tana iya fasa tankar abokan gaba daga nisan da ya wuce kilomita 1. Sojoji suna tsoronta ƙwarai.

To, amma nauyi ya zame mata ciwo. Ran da aka fara gwada ta kusa da birnin Leningirad, wasu sun lalace, wasu sun kafe cikin taɓo. Gadoji da yawa ba su iya ɗaukar ta. In za a ɗora ta bisa jirgin ƙasa, sai an kwance sarƙoƙinta an sa mata masu ƙarancin faɗi. Da sanyi, taɓo yana daskarewa tsakanin ƙafafunta har ta kasa motsi. Ga ta da shan mai. Tana ɗaukar lita 540, kusan tano uku, amma in cikin daji ne, bayan kimanin kilomita 100 mai ya ƙare. Kwatankwacin tafiyar Gazawa zuwa Maraɗi ke nan.

Tiger ta zo Afirka ma. An kawo ta Tunisiya a ƙarshen 1942. A wannan yaƙi na Tunisiya akwai sojojin Afirka waɗanda suka taso daga Cadi, suka ƙetare Sahara ƙarƙashin Janar Leclerc. A watan Afrilu na 1943 Ingilishi suka kama wata Tiger kusan lafiya lau. Tana nan a gidan tarihi na Bovington, a Ingila. A watan Mayu sojojin Jamus na Tunisiya suka miƙa wuya.

Jamusawa ba su ɗauki darasi ba. A 1944 suka fito da Tiger ta biyu, mai nauyin kusan tan 70. Har sun ƙera wata mai tan 188, suka sa mata suna Maus, wato ɓera. Guda biyu aka yi don gwaji, ba ta taɓa shiga yaƙi ba.

Tiger tana da tsada, aikinta yana cin lokaci. Ta farko kimanin 1,350 aka ƙera, ta biyu ba ta kai 500 ba. A gefe guda Amurka ta ƙera tankar Sherman kusan 50,000, Rasha ta ƙera T-34 fiye da 50,000. In Tiger ɗaya ta fasa biyar, wasu goma suna tafe. A watan Agusta na 1944 Jamus ta rasa rijiyoyin man Romaniya. Daga nan sojoji suka riƙa barin manyan tankoki bakin hanya, su cinna musu wuta da hannunsu, su gudu a ƙasa. Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu na 1945, bayan miliyoyin mutane sun mutu. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta Tiger da dokin lifidi?
2. Faɗi abubuwa uku da suka ba Tiger wahala.
3. Buhu nawa masu kilo 100 za su yi nauyin Maus?
4. A ƙauyenku akwai gidan da kakansu ya je yaƙin Jamus? Ku tambayi manya, ku rubuta abin da suka gaya muku.