An Garƙame Shago, Caca Ta Koma Aljihu

Yau shirin namu ya fita daga birnin Kano, ya bi ta Kumbotso, ya miƙe hanyar Zariya har Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir rani da damina.

Ku zo mu tsaya bakin kwata da la'asar. Ga wani matashi ya gama ban ruwa, taɓo har gwiwa, mai gona ya sallame shi. Bai ko wanke ƙafa ba ya nufi wurin mai POS, ya zuba kuɗin a waya, ya jera wasanni goma na ƙwallon Ingila da Sifaniya. Da daddare a gidan kallo za ka ji shi yana cewa abokinsa, "Wallahi mutumina, wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Kullum dai wasa ɗaya ne.

A wurin malamai maganar ba ta da ja, Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta haramta. Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Sai kuma a 2005 gwamnatin tarayya ta yi tata dokar, ta kafa hukumar ba kamfanonin caca lasisi a faɗin ƙasa. Aka wayi gari liman na tsinuwa a kan mumbari, mai shago na nuna takardar Abuja.

A watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca kusan 30 a Kano, ta ce iyaye ne suka kawo kuka. Hukumar tarayya ta ce ba a isa ba, samame ya lafa. Can sai ga hukuncin Kotun Ƙoli ranar 22 ga Nuwamban 2024: dokar 2005 ba ta hau kan jihohi ba, Abuja kaɗai ta shafa, sauran kuwa majalisar kowace jiha ce mai wuƙa da nama.

Wani abin dariya, jama'a, jihar Legas ce ta kai ƙarar tun 2008, kuma ba don a hana ba, don harajin ya shigo aljihunta. Legas ta yi shari'a don ta tatsa, Kano ta tsinci dami a kala. Nan take babban daraktan Hisbah, Abba Sufi, ya ce za su koma rufe shaguna.

To, a ganina nan ne aikin malamai ya sake kama. Da can Abuja ake ɗora wa laifi. Yanzu ɗan majalisar da ke zaune a sahun gaba ranar Juma'a, shi ne za a tare a tambaya: ina dokar da ta san da waya? Domin kwaɗon Hisbah ƙofar shago yake kamawa. Kamfanonin caca irin su Bet9ja da SportyBet ba sa hayar shago a Bunkure kafin su iske yaron can na bakin kwata, data ta naira ɗari ta wadatar.

Ku dakace mu, bayan wannan talla za mu leƙa kasuwar Kwanar Gafan, mu ji ta bakin 'yan dako.