Inshorar Ɗan Kwikwiyo: Ta Cancanci Kuɗinta Ko A'a?

A cikin birnin Kano, kare ba dabbar da aka saba gani a tsakar gida ba ce. Mun fi sabawa da tumaki da awaki da kaji, da tantabarun da samari ke kiwo a kan soro. Kare na mafarauta ne da makiyaya. Amma a 'yan shekarun nan, saboda sace-sace da ƙwacen waya, ana samun magidanta da masu ɗakunan ajiyar kaya a Gwammaja da wajejen Ƙofar Ruwa suna sayen ɗan kwikwiyo don ya girma ya yi musu gadi. Wasu ɗan gida suke samu kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan. Wasu kuma sukan zuba kuɗi mai kauri su sayo irin na waje, kamar Alsatian ko Rottweiler ko Boerboel. To, irin waɗannan ne ake fara yi wa maganar inshora, ko dai daga bakin wanda ya sayar musu, ko kuma su ci karo da talla a waya. Tambayar da ke biyo baya ita ce: a yi ko a bari?

Kafin amsa, mu san mene ne abin. Inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Kai za ka riƙa biyan wani ƙayyadadden kuɗi duk wata ko duk shekara, shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin cewa idan wata asara da aka ambata a takarda ta same ka, zai biya. Jama'a da yawa ne ke zubawa, 'yan kaɗan ne asara ke samu, da kuɗin masu yawan ake biyan 'yan kaɗan ɗin, abin da ya rage kuma na kamfani ne. A nan ta bambanta da adashin da muka sani. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A inshora kana iya shekara goma kana zubi ba ka karɓi ko kwabo ba, kuma ba cutar ka aka yi ba, don abin da ka saya shi ne kwanciyar hankali a tsawon waɗannan shekarun.

Yi wa dabba inshora ba sabon abu ba ne. A ƙasar Suwidin aka fara tun 1890, da dawaki da shanu, sannan aka shigar da kare a 1924. Birtaniya ta bi sahu a 1947. A Amurka sai 1982, kuma karen farko da aka yi wa a can ɗan wasan talabijin ne mai suna Lassie. A nan gida Najeriya, gwamnatin tarayya ta kafa tsarin inshorar noma a 1987, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, amma hankalinsa ya fi karkata ga amfanin gona da dabbobin da ake ci da sayarwa, irin shanu da tumaki da kaji. Inshorar kare kam har yanzu baƙuwa ce, ta fi samun kasuwa a manyan biranen da ke da asibitocin dabbobi masu zaman kansu da yawa. Yana da kyau mu lura da dalilin da ya sa ta kafu a Turai: a can, aikin tiyata guda ɗaya ga kare yana iya cinye albashin wata ko fiye, ga asibitocin da ke da kayan aikin yin tiyatar, ga rasiɗi da bayanan kowace dabba a rubuce. Inda waɗannan abubuwa uku ba su cika ba, amfanin inshorar yana raguwa.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa da zarar an yi inshora, duk wani kuɗin likitan dabbobi ya sauka daga wuyansu. Ba haka abin yake ba. Akasarin irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaukar hidimar yau da kullum, wato allurar rigakafi, maganin tsutsar ciki, maganin kaska da ƙuma, da fiɗiya. Waɗannan daga aljihunka za su fito. Sannan akwai kwanakin jira, wato wa'adin da ake sawa daga ranar da ka sa hannu, sau da yawa mako biyu, wanda idan ciwo ya taso a cikinsa ba za a biya ba. Akwai kason mai dabba, wato wani adadi da kai za ka fara biya a kowace jinya kafin kamfani ya ɗora nasa. Akwai iyakar abin da za a biya a shekara. Duk ciwon da kwikwiyon ya zo da shi kafin yarjejeniya ba ya ciki, wasu kamfanonin ma sukan cire cututtukan gado, irin ciwon ƙugu da ke yawan kama Alsatian idan ya fara manyanta. Kuma a galibin lokuta kai ne za ka biya asibiti tukuna, ka kai rasiɗi, sannan ka jira a mayar maka.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata a ja masa layi. Idan kare ya kamu da cutar da ke da rigakafi, alhali ba a yi masa ba, kamfani ba zai biya ba. Wannan kuwa ya shafi manyan cututtukan da ke kashe kwikwiyo a ƙasarmu. Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira fabo, mai sa amai da zawo mai jini da wari. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasa tana jiran wanda za ta kama, ana kuma iya shigo da ita gida a tafin takalmi. Kwikwiyon da ta kama yana bukatar kwanaki ana yi masa ƙarin ruwa da allurai, mafi yawan waɗanda ba su samu kulawa ba kuwa mutuwa suke yi. Irin na waje, musamman Rottweiler da Alsatian, sun fi saurin faɗuwa a hannunta. Rigakafinta ana fara shi ne kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kimanin mako 16, kuma allura ɗaya ce ke haɗe da kariyar wasu cututtukan. Allurar haukan kare kuma ana yin ta idan ya cika wata 3, a riƙa sabunta ta duk shekara. Ke nan ko da inshora ko babu, wannan kashe kuɗin yana nan daram, kuma shi ne ke kawar da kaso mafi girma na haɗarin.

Mu dakata kaɗan a kan haukan kare, domin a unguwa irin Gwammaja, inda gidaje suke manne da juna, yara na wasa a lungu, almajirai na shiga zaure neman abinci, babbar asarar da kare zai iya jawowa ba mutuwarsa ba ce. Cizon ɗan maƙwabci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 59,000 ne wannan cuta ke kashewa duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Abin da ke ceto shi ne gaggawa: a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar don fara jerin allurai, a kuma tsare karen a sa masa ido na kwana 10, kada a kashe shi a jefar a kan bola. Tofi da ɗaure ƙafa ba sa tsayar da ita. Kuɗin alluran mutum ɗaya da aka ciza ya ninka kuɗin rigakafin kare sau da yawa, ga tashin hankalin da ke biyo baya, a je gaban mai unguwa, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Don haka idan har mutum zai yi inshora, ɓangaren da ya fi dacewa ya tambaya shi ne wanda ke biyan diyyar ɓarnar da karensa ya yi wa wani. Masu talla ba su cika fara ambatarsa ba, sun fi son maganar jinyar karen, amma a wurinmu shi ne mafi nauyi.

Allurar rigakafin haukan kare ba wahalar samu take yi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa ta. Asibitin dabbobi na gwamnati da ke Gwale ba shi da nisa da mu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma likitocin dabbobi kan yi gangamin rigakafi a lokacin. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu.

Akwai kuma tambayar addini, wadda ba za a tsallake ta a Kano ba. Game da ajiye kare, malamai sun halatta shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka idan akwai bukata. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, shi kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare a Ƙairawan. Game da inshora kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, amma ta amince da tsarin taimakekeniya, wanda ake kira takaful. A takaful, abin da mahalarta ke zubawa gudummawa ce ga asusun da suka mallaka tare, kamfani wakili ne mai kula, kuma idan an samu rara ana iya mayar musu da wani kaso. Hukumar NAICOM mai sa ido kan inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 kuma ta ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. Wanda abin ya dama, ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi kamfanin takaful ko suna da tsarin da ya haɗa da dabbarsa.

To, wa ya kamata ya yi? A ganina, mai ɗan kwikwiyon gida, irin wanda ya saba da zafin Afrilu da kaskar damina, inshorar jinya ba ita ce abin da ya fi bukata ba. Ya kammala rigakafi, ya gyara katanga da ƙofa, sannan ya riƙa ware ɗan wani abu duk wata da sunan jinyar dabbar. Idan ba ta taso ba, kuɗinsa na hannunsa. Wanda kuwa ya sayi kare da kuɗin da rasa shi zai girgiza shi, ko mai sana'ar kiwon karnuka yana sayarwa, ko wanda karnukansa ke gadin dukiya mai yawa, wannan yana da dalilin zama ya yi lissafi. Lissafin ba mai wuya ba ne. A haɗa abin da za a biya a shekara da kason mai dabba, a kwatanta da iyakar abin da kamfanin zai iya biya, sannan a tambayi likitan dabbobi nawa jinya mai tsanani ke ci a Kano. Idan tazarar ba ta da yawa, ajiyar kai ta fi.

Wanda ya yanke shawarar yi, kada ya tura kuɗi don ya ga talla mai kyau a Facebook ko WhatsApp. Ya tabbatar kamfanin yana cikin jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi. Ya nemi cikakkiyar takardar yarjejeniya, ya fara karanta shafin abubuwan da ba a biya, in Turancin ya yi masa nauyi ya sami wanda zai fassara masa dalla-dalla. Ya tambaya ko suna karɓar rasiɗin asibitocin Kano, domin yarjejeniyar da sai an kai kare Abuja ko asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kafin ta yi aiki, ba za ta amfane shi ba ranar da ciwo ya taso da tsakar dare. Ya tambayi kwana nawa ake ɗauka kafin a biya, da kuma ko kuɗin zubi zai ƙaru idan kare ya tsufa, don yawanci yana ƙaruwa.

Abu na ƙarshe ya shafi kowa, mai inshora da marar ita. Ranar da aka yi wa kwikwiyo allurar farko, a karɓi katin rigakafi mai ɗauke da kwanan wata, sunan allurar, da sa hannun likita, a ajiye shi tare da muhimman takardun gida. Mai sayar da kwikwiyo da ya ce “an yi masa komai” amma ba shi da kati, a ɗauka ba a yi ba, a fara daga farko. Kamfanin inshora wannan katin zai fara nema kafin ya saurari kowace magana, haka ma likitan da aka kai wa yaron da kare ya ciza.