Kafin Ka Sayi Na'urar Karatu, Duba Littattafan da Ke Hannunka

Duk wanda ya saba karanta dogon littafi a waya ya san wahalar abin. Ido ya yi yaji, saƙonnin WhatsApp su riƙa katse maka hanzari, caji ya ƙare ba ka kai ƙarshen babi ba, wuta kuma ba a san ranar dawowarta ba. Shi ya sa ɗalibai da malamai da masoya littattafan hikaya suka fara tambayar na'urar da aka ƙera don karatu kawai, irin su Kindle da Kobo. Kusan kullum tambayar ita ce wace ta fi kyau. A ganina an fara daga inda bai kamata ba. Abin da ya dace mutum ya fara tambayar kansa shi ne: waɗanne littattafai zan karanta, kuma a wace siga suke zuwa hannuna?

Bambancin wannan na'ura da waya yana fuskarta. Fuskar waya fitila ce da ke haska idonka kai tsaye. Ita kuwa na'urar karatu tana aiki da abin da ake kira tawadar lantarki, fasahar da ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka, aka kafa mata kamfanin E Ink a 1997. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace na ɗauke da ɓarɓashi fari da baƙi masu caji mabambanta. Idan ka juya shafi, lantarki ya turo baƙin sama a inda harafi zai fito, farin ya cike sauran wurin, sai su tsaya cak. Daga nan shafin ba ya ƙara cin batir ko da zai kwana a buɗe. Wannan ne dalilin da caji ɗaya ke kai makonni, kuma shi ya sa a tsakar rana, lokacin da fuskar waya ke dushewa, rubutun na'urar ke ƙara fitowa raɗau. Don karatun dare, ana sa ƙananan fitilu a gefen gilashin, suna zuba haske a kan shafin, ba cikin ido ba. Kada ka sayi wadda ba ta da wannan fitila.

Sony ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a Japan a 2004, amma Kindle ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a Nuwamban 2007 a kan dala 399, ita ta buɗe kasuwar. Kobo ta biyo baya daga Kanada a 2010, yanzu tana hannun kamfanin Rakuten na Japan. Akwai kuma PocketBook, da Onyx Boox ta ƙasar Sin mai aiki da Android. Kusan dukkansu wurin E Ink suke sayen fuska, saboda haka ta fuskar kyan rubutu tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Nemi mai ɗigo 300 a kowane inci, ka wuce wurin.

Inda gizo ke saƙar shi ne sigar littafi. Littafin da aka shirya a sigar EPUB rubutunsa na bin girman fuska: ka ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa da kansu. PDF ba haka yake ba, shafi ne da aka daskarar yadda yake a takarda. To mu kuwa yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu PDF ne: takardun darasi na jami'a, kundayen bincike, da littattafan addini na Larabci da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Ɗauki shafin littafin fiƙihu mai matani a sama, sharhi a tsakiya, hashiya da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, ka matse shi cikin fuska mai inci 6. Wasulan za su haɗe da ɗigogi, dole ka riƙa faɗaɗawa kana ja hagu da dama, ita kuma tawadar lantarki ba ta da saurin waya, kowane motsi sai ta ɗan yi ƙyaftawa. Mako guda ya isa mutum ya jefa ta cikin akwati. Wanda karatunsa irin wannan ne, ya nemi mai inci 10 ko sama, irin Boox ko Kindle Scribe ko Kobo Elipsa, ko da zai ƙara haƙurin tara kuɗi. Mai karanta hikaya da tarihi a EPUB kuwa, inci 6 ko 7 ta wadatar, ga ta da shiga aljihun riga.

Akwai kuma matsalar da mai sayarwa ba zai taɓa ambata maka ba, domin bai san da ita ba: haruffanmu masu ƙugiya. Ba kowane salon rubutu da ke zuwa cikin na'ura ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Wani lokaci sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Maganin yana da sauƙi. Kobo da Kindle na zamani duk suna barin mutum ya zuba nasa salon rubutun ta kebul, kuma Charis SIL da Andika da Noto kyauta ne, suna da haruffan Hausa cikakku. Idan da hali, tafi shago da fayil ɗin Hausa a wayarka, a zuba a gwada a gabanka.

Abin da ya fi damuna shi ne mallaka. Yawancin littattafan da ake saya a shagon Amazon a kulle suke, ba sa buɗuwa sai a Kindle ko manhajarta. A gaskiya izinin karatu ka saya, kamar mai haya da ke zaune a gida amma takardar filin na hannun wani. A Yulin 2009 Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya nemi afuwa. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗuwa. A Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. Mu ma mun ɗanɗana: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wannan ba kira ba ne a koma satar fasaha, gumin marubuci haƙƙinsa ne a biya shi. Kira ne a fifita sayen fayil ɗin da za ka iya ajiyewa da kanka. Kobo da PocketBook da Boox suna buɗe EPUB kai tsaye ta kebul, ba sai da intanet ba. Kindle ta fara karɓarsa a 2022, amma ta hanyar tura shi ta intanet a sauya masa siga, ko ka sauya da kanka da Calibre, manhajar kwamfuta ta kyauta wadda ya kamata kowane mai na'ura ya mallaka.

Masu launi na Kobo da Kindle sun shigo a 2024, Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft, sai dai launin a dushe yake, farin shafin ma bai kai na baƙi-da-fari haske ba. In ba littattafan yara masu zane za ka karanta ba, riƙe kuɗinka.

Da yawa daga cikinmu ta hannu za mu saya, kuma ba laifi, domin na'urar na da ƙarko. A duba abu uku kawai: a tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa, a buɗe farin shafi a ga babu tabo ko layin da ya ƙi gogewa, a kuma sa mata riga, don gilashin da ke ciki siriri ne, zama ɗaya a kanta cikin jaka ya isa ya fasa shi.

Hukuncina shi ne: wanda zai riƙa sayen littattafan Turanci daga Amazon, Kindle Paperwhite ta ishe shi. Wanda littattafansa ke zuwa daga wurare dabam-dabam, kamar yawancinmu, Kobo ko PocketBook ta fi masa. Ɗalibi da malami masu fama da PDF su nemi babbar fuska. Marubutanmu da masu buga littattafai kuma, don Allah ku fara fitar da ayyukanku a EPUB, da haruffan Hausa daidai, domin mai karatu ya biya ku ya kuma karanta cikin sauƙi.