Gyaran Tsohon Keke: Fenti Ne Aikin Ƙarshe

A gidaje da yawa akwai tsohon keke jingine a zaure, tayoyi sun sace, sarƙa ta daskare da tsatsa. Wasu kuma wurin 'yan gwanjo suke tsintar nasu, siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda aka ƙera a Turai shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. Abin da ke fara zuwa wa mai shi a rai shi ne ya kai wa fenta a fesa masa sabon launi. Daga nan ɓarna take farawa.

A fara sanin wane keke ne a hannu. In akwai hoton zalɓe a tambarin gaba, Raleigh ne, na birnin Nottingham a Ingila, kamfanin da ya soma a ƙarshen shekarun 1880. Iyayenmu sun san shi da keken zuwa gona da kasuwa, amma a kan Raleigh ɗan ƙasar Holan Joop Zoetemelk ya lashe gasar Tour de France a 1980. In zaki ne a tambarin, Peugeot ne na Faransa. In kuwa aka ga 'yar takarda manne da firam ɗauke da lamba 531, an yi dace, domin ƙarfe ne marar nauyi mai ƙwari da kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935. Sanfefa na bin ta kan takardar nan, shaidar ta tafi, kuɗin keken ma ya faɗi.

Sai a duba lafiyar firam. A shafa ƙarƙashin bututan da ke haɗuwa da wuyan keken. In an ji ƙarfe ya tattare, ko an ga ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun ja baya, keken ya taɓa yin karo. Tsatsar da ke sama ba abin damuwa ba ce. Wadda ta huda ƙarfe kuwa, gara a haƙura da keken, don fenti ɓoye ta kawai zai yi.

Wurin kwancewa ake gane mai haƙuri. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a sa sifana. Fedar hagu a juye take kwancewa, an yi ta haka ne don kada ta warware ana tafiya. Abin da ya fi cin mutane shi ne zaren noti. A wuyan keke da mazaunin sandar feda, na yawancin kekunan Ingila layi 24 ne a inci guda, amma Raleigh da yawa na Nottingham 26 ne, tsofaffin na Faransa kuma da milimita aka auna su. Sabon kayan kasuwa zai shiga kamar ya yi daidai, bayan juyi biyu ya cije, bakanike mai gaggawa ya danna da ƙarfi, zaren ya mutu. Saboda haka kada a yar da tsohon noti ko ɗaya. A wanke da kananzir, a sake boris, a cika giris. Haka taya: mai inci 27 faɗin da'irarta milimita 630 ne, ta zamani da ake kira 700C kuwa 622. Milimita takwas kacal, amma ɗaya ba ta hawa gurbin ɗaya.

Yanzu aka zo kan fenti. A ganina, keken da yawancin fentinsa na asali ke nan, wanka da goge yake bukata, a ɗan taɓa inda ya kankare. Tabon shekaru ba aibi ba ne a jikin tsohon keke. In fentin ya ƙare sarai, to a kankare har ƙarfe ya fito fes, da takunkumi a hanci, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma. A goge maiƙo, a toshe ramukan noti, a rufe tambari da wuraren da ke ƙyalli da salatif. A sa fentin ƙasa mai hana tsatsa a ranar, tun ƙarfen bai sha iska ba. Launin kuma sama-sama ake fesawa, sau uku ko huɗu, ana bari yana shan iska. Mai son gamawa a feshi ɗaya fentinsa zai zuba hawaye. A guji ranar da hunturu ya taso da ƙura, da ranar da damina ta cika iska da laima.

Ko ya bushe a hannu, a ba shi kamar mako biyu ya yi tauri kafin a ɗaura. Kuma don Allah, kada a hau titi sai an sake robar birki da wayoyinsa. Tsohuwar roba ta ƙandare, ba ta kama ƙarfe.