Abin da Takalmi Yake Yi wa Kwankwaso

Duk wanda ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya dubi takalman da aka jera, zai ga abin da masu su ba su taɓa lura da shi ba. Ga silifa da diddige ya cinye har ya yi mata rami. Ga sau-ciki da dunduniyarsa ta zaizaye ta gefe ɗaya, ya tsaya a karkace. Ga kambas ɗin gwanjo wanda tun kafin ya iso kasuwar Ƙofar Wambai ƙafar wani ta riga ta lanƙwasa shi yadda take so. Daga cin da kowane takalmi ya yi za ka gane yadda mai shi yake taka ƙasa, kuma takun nan har gadon baya yana jin sa.

Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya, da gaɓoɓi 33. In mutum ya yi taku, diddige ke fara sauka, tafin ƙafa ya ɗan baje ya shanye girgizar, sannan yatsu su tura jiki gaba. Abin da ƙafa ba ta shanye ba sai ya haura ta idon sawu da gwiwa da ƙugu, ya dire a kan ƙasusuwa 5 na kwankwaso da faifan guringuntsin da ke tsakaninsu. In takalmi ya karkatar da ƙafa, ƙwauri ya juya, cinya ta bi shi, ƙugu ya sake zama, naman baya kuma ya wuni a ɗaure yana gyara tsayuwa.

Takalmi mai tsini an yi masa bincike sosai. Da zarar dunduniya ta ɗaga, nauyi ya koma kan yatsu, jiki ya nemi kifewa gaba, sai gwiwa da baya su shiga aikin riƙe shi. A 1998 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani aiki da aka yi a Amurka, wanda ya nuna irin wannan takalmi yana ƙara wa gwiwa matsi da kusan kashi 23 cikin ɗari. A 2010 kuma masu bincike a Manchesta ta Ingila suka auna matan da suka shekara da shekaru suna sa mai tsini, suka tarar zaren naman sharaɓarsu ya gajarce da kimanin kashi 13 cikin ɗari, agararsu kuma ta yi kauri ta ƙage. Shi ya sa wata in ta cire ta taka ƙasa sai ta ji bayan ƙafarta yana ja. A ganina amaryar da ta sa shi daren walima ba ta da abin tsoro. Ma'aikaciyar da za ta tsaya a kansa daga safe zuwa la'asar, kwana biyar a mako, ita ce abin ji.

Silifa kuwa, da muke ganin ba ta da laifi, nata salon daban. Tunda babu abin da ya kama diddige, yatsu ne ke damƙe ta kada ta fice, taku ya gajarce, tafiya ta koma ja. Daga ɗaki zuwa banɗaki ba komai. Mai talla da ɗan dako da ke wuni a kanta, da kaya a ka, su ne jikinsu ke gaya musu da dare.

Sai dai kada a ɗora wa takalmi laifin da ba nasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna takamaiman abin da ya jawo shi. Dogon zama, ɗaga kaya ba daidai ba, ƙiba, taba da shekaru duk suna da hannu. Nan ne masu tallar "takalmin lafiya" da shimfiɗar cikin takalmi suke cin kasuwarsu, suna tsawwala kuɗi. Amma nazarin ƙungiyar Cochrane na 2007 ya nuna shimfiɗar ba ta hana ciwon baya, kuma a 2016 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar aiki, ta ce kada a rubuta wa mai ciwon kwankwaso ita, haka ma takalmi mai ƙasa kamar kwalekwale. Motsa jiki ta sa a gaba.

Inda gyaran takalmi yake aiki sosai shi ne wurin wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, musamman in bambancin ya wuce santimita 2. Muna da su da yawa: waɗanda shan-inna ta taɓa suna yara, da waɗanda suka karye a haɗarin babur ɗori ya kama a gajarce. Ƙugunsu yana zama a jirkice, ƙashin baya ya lanƙwashe don kai ya tsaya daidai. Irin wannan, awo ake yi a ƙara wa takalmi ɗaya tudu, kuma asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suna da sashen da ke wannan aiki. Kada a bar wa mai gyaran takalmi na bakin titi ya kintata da ido.

Ga sauranmu abin ba shi da tsada. A sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada ƙafa biyun. A nemi mai kama diddige, mai faɗin gaba, mai gajeriyar dunduniya. Wanda ake sawa kullum a ɗora shi a kan tebur a dube shi ta baya: ɗan ci ta gefen waje ba komai ba ne, haka yawancin mutane ke taku, amma in ya jingina gefe, ko ɗaya ya fi ɗaya cinyewa ƙwarai, a sake masa dunduniya ko a rabu da shi.

Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare kuwa, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, wannan ya wuce maganar takalmi. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, jijiya kuma tana iya dannuwa. Mai irin waɗannan alamu ya nufi asibiti a ranar.