Ko ka sani? Ƙura ce ke cin injin Boxer, ba nisan hanya ba

Ko ka san babur ɗin da ya lashe gasar Dakar ta farko, ƙirarsa ba ta fi ta Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu ke zirga-zirga da shi tsakanin Kurya Madaro da Ƙaura Namoda wuyar sha'ani ba? An taso daga birnin Paris a Disamba 1978, aka keta hamada ta Agadas da Yamai, aka ƙare a Dakar a Janairu 1979. Bafaranshe Cyril Neveu ne ya yi na ɗaya a kan Yamaha XT500: silinda guda, iska ke sanyaya injin, da ƙafa ake tayar da shi, sarƙa ke jan ƙafar baya. Boxer na kamfanin Bajaj da ke Pune a Indiya ma haka yake, sai dai injinsa wajen kashi ɗaya ne cikin biyar na wancan. Shi ya sa da sifana biyu da sukundireba mutum zai yi masa rabin hidimarsa a zaure.

Abin da yawancin masu mashin ba su lura da shi ba, inji ya fi shan iska fiye da mai. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. To, a ƙiyasta irin iskar da ke hanyar Shinkafi ko Zurmi lokacin hunturu, musamman in kana bayan babbar mota. Duk wannan ƙurar, ɗan soson nan da ke cikin akwatin iya-kilina ne kaɗai ke tare ta. In ya yage, ƙurar ta shige, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Daga nan sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, baƙin mai na raguwa ba tare da yoyo ba, ƙarshenta a sauke inji. Masu cire soson don wai mashin ya ƙara gudu, bakanike suke tara wa kuɗi.

Wankin soson bai da wuya. A tsoma shi a kananzir, a matse tsakanin tafuka, kada a murɗa, don yagewa yake yi. In ya bushe a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, a murza ya ratsa ko'ina; maiƙon ne ke kama ƙurar. In kuwa na takarda ne, ba a wanke shi, sauyawa ake yi.

Baƙin man kansa bai wuce kimanin lita ɗaya ba, amma aiki uku yake yi: inji, giya da kuloci duk shi suke sha. Saboda haka ya fi na mota saurin gajiya. A juye shi injin na da ɗumi, don dattin ya biyo shi. Wanda ake aunawa a gora, wanda ba a san asalinsa ba kuwa, arharsa ba ta kai kuɗin fistin ba.

Sarƙa tana son sassauci kamar santimita 2 zuwa 3. In an ɗaure ta tamau aka ɗora buhun gero, nauyin zai ƙara ja ta, ta ci haƙoran da take hawa. Kuma a bar mata murfinta.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, da yawa sun koma matse kabireta don rage sha. Fulogi zai faɗa maka ko ka wuce gona da iri. Kwance shi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau, baƙi ƙirin da gawayi, mai ya yi yawa ko soson ya toshe, fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na zafi fiye da kima, bawul na iya ƙonewa. In kuma mashin na shaƙewa bayan ka sha mai a galan, wataƙila ruwa ne. Ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin kabireta. Akwai ɗan sukuru a ƙasanta. Sassauta shi, ka tara kwalba har sai mai zalla ya fara zuba.