Ƙarin Fitila a Mota: Hattara da Wayar da Ke Ɗaukar Zafi

Direbobi masu tafiyar dare sukan ƙara wa motocinsu fitilu saboda ramuka da dabbobin da ke tsallaka titi. Neman haske ba laifi ba ne, amma aikin gaggawa wajen jona fitilun yakan jawo gobara, kuma galibi daga waya take tashi.

Ƙaramar mota da wuta mai bolt 12 take aiki. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9. Idan aka sa masu wat 100, abin da suke ja ya kai kusan amfiya 17. Zafin waya kuwa ba sannu a hankali yake hawa ba: idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wayar da kamfani ya sa wa fitilar gaba an auna ta ne daidai da ƙwan da ya zo da motar. Duk wanda ya feɗe ta ya ɗora mata sababbin fitilu ya aza wa jaki kayan raƙumi. Robar jikinta za ta yi laushi ta narke, jan ƙarfen ya taɓa bodi, sai tartsatsi.

Gyaran bai da tsada. A ja waya mai kauri, kamar mai milimita murabba'i 2.5, kai tsaye daga batir zuwa sababbin fitilun. A sa fis daf da kan batir, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya. Mai amfiya 20 ya dace da ƙwai biyu masu wat 100. Sannan a sa rile, domin makunnin cikin mota ya tura 'yar wuta kaɗan kawai, rilen ya ɗauki nauyin sauran.

A lura da mahaɗa. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif tana sassautawa saboda girgizar hanya, kuma nan zafi yake fara taruwa. Wayar at, wato wadda ake jonawa da bodi, ita ma a ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa. Inda waya za ta ratsa ramin bodi, a sa mata zoben roba kada ƙarfe ya yanke ta. Wajen saye kuma a kankare bakinta a gani: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ta fi saurin zafi. Araha ba ta ado.

Idan fis ya ƙone, akwai dalili. Kada a yarda rewaya ya sa wanda ya fi shi girma, balle ya cusa gutsuren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa.

Bayan an gama aiki, a bar fitilun a kunne kamar minti 10, a taɓa wayar da mahaɗanta. Idan hannu ya kasa jurewa, ko aka ji ƙaurin roba, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar (-), a sake aikin kafin a hau hanya.